Matsar da Bango a Kwamfuta: Sauƙin da ke Son Hattara

Kafin kwamfuta ta shiga ofisoshin masu zanen gini, idan mai gida ya ce a ƙara wa falo faɗi, an shiga aiki ke nan. Sai a ɗauko reza a yi ta kankare tawada daga takardar nan mai shara-shara, a hankali don kada ta huje, sannan a sake jan layi da rubuta awo. Wani lokacin yini guda yake ci. Tun da kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar da manhajar AutoCAD a 1982, wannan wahala ta fara zama tarihi.

Yau matsar da bango bai wuce ƙiftawar ido ba. Za ka zaɓi abin, ka nuna wa manhajar ɗigon da za ta kama shi da shi, sannan ka nuna inda za ta ajiye ko ka rubuta tazarar da lamba. Wannan ɗigon kamu shi ne zuciyar aikin, kuma a nan masu koyo suka fi tuntuɓe. Wanda ya ja bango da ido kawai zai ga kamar kusurwa ta haɗu, amma da ya faɗaɗa hoton sai ga giɓin milimita biyar ko goma. Shi ya sa ƙwararru ba sa wasa da maɓallin F3, wanda ke sa linzami ya cafke ainihin ƙarshen layi ko tsakiyarsa, da kuma F8 mai hana layi karkacewa.

Sai dai a zanen AutoCAD na yau da kullum, bango layi biyu ne kurum. Idan ka matsar da shi a taswirar ƙasa, zanen fuskar gini da na yankansa suna nan yadda suke har sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. ArchiCAD ta kamfanin Graphisoft na ƙasar Hungary, da Revit wadda ta fito a 2000 kuma Autodesk ya saye ta a 2002, sun zo da wata hanya. A cikinsu bango yana ɗauke da tsayinsa da kaurinsa, ko na bulo inci tara ne, wato milimita 225. Ƙofa da taga a jikinsa suke maƙale, inda ya je su bi shi, sauran zanuka da jadawalin lissafi kuma su gyaru da kansu.

Wannan ci gaba ne na gaske, amma abin da ke damuna shi ne yadda sauƙin ke sa a manta da nauyi. Bangon bene da aka gusar da ƙafa biyu a kan allo, mai yiwuwa ya sauka daga kan bim ɗin da injiniya ya lissafa masa rodi, ko ya tsaya daidai hanyar bututun banɗaki. A kwamfuta ana iya soke kuskure da dannawa ɗaya. A wurin gini kuwa sai guduma, ga asarar siminti da kuɗin birkila.

Don haka mai zane ya kulle layukan ginshiƙai kafin ya fara taɓa komai, duk manhajojin nan suna ba da damar hakan. Kai kuma mai gida, idan ka nemi a matsar da bango, ka tabbata injiniya ya duba, an buga sabon zane mai kwanan wata, an kuma karɓe tsohon daga hannun magina.