Takobi da bulala a finafinan katun: abin da masu zane za su iya koya a Bauchi

Yaran da ke kallon katun a wayoyin iyayensu sun san takobin Japan fiye da wanda ake ratayawa a hawan sallah. Idan ɗayansu ya girma ya zana yaƙe-yaƙen Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya kafa birnin Bauchi a 1809, akwai fargabar ya ɗora wa jarumin rawani, amma ya ba shi saran Samurai.

Makaman biyu ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Na Japan a lanƙwashe yake, kaifinsa ɗaya, kuma galibi da hannu biyu ake riƙe shi. Takobin ƙasar Hausa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, ƙotarsa gajera ce, ta hannu ɗaya, domin ɗaya hannun yana kan linzami ko garkuwa. A kafaɗa ake rataya shi da hamila, saboda haka yadda ake zare shi ma daban ne. Kubensa na fata ne, ke nan ƙarar ƙarfen da ake ji a fim duk sa'ad da jarumi ya zare takobi ƙari ne na masu haɗa sauti.

Finafinan da suka yi fice a wannan fanni daga jikin mutane suka fara. Masu shirin Avatar: The Last Airbender, wanda aka fara nunawa a Amurka a 2005, sun ɗauko gwanin faɗan gargajiyar Sin, yana gwada motsi suna ɗaukarsa a bidiyo kafin su zana. A fim ɗin Raya and the Last Dragon na 2021 an jingina faɗace-faɗacen da salon kudu maso gabashin Asiya. Dabarar ma tsohuwa ce, domin tun 1915 Max Fleischer ya ƙirƙiro na'urar kwafar motsin mutum daga fim zuwa zane.

Dalilin wannan wahala lissafi ne. Fim yana tafiya da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, sara ɗaya kuwa bai cika cin fiye da hotuna kaɗan ba. Abin da ke sa mai kallo ya ji nauyin ƙarfe shi ne abin da ya gabaci saran da abin da ya biyo shi: dasa ƙafa, juya ƙugu, da yadda takobin ke jan hannu bayan ya wuce. In aka bar waɗannan, sai makamin ya zama kamar kara.

Bulala ta fi wuya. Doguwar bulala irin ta Trevor Belmont a shirin Castlevania na 2017 siririncewa take yi daga gindi zuwa baki. Idan aka kaɗa ta, lanƙwasa ce ke gudu a jikinta tana ƙara sauri, har bakin ya zarce gudun sauti, wato kimanin mita 340 a daƙiƙa. Ƙarar da ake ji ta tsaga iska ce, tun ba a taɓa kowa ba. Tana bukatar fili, kuma bayan kowane duka sai an janyo ta an sake saitawa. Mai takobin da ya jure bugu ɗaya ya matso kusa ya gama da mai bulala, abin da finafinai ba su cika son nunawa ba.

A Bauchi ba sai an je nesa neman abin koyi ba. Ranar hawan sallah, lokacin da mahaya ke sukuwa zuwa ƙofar fada don yi wa Sarkin Bauchi, Rilwanu Sulaiman Adamu, jahi, mai zane zai ga yadda mahayi ke dogara da likkafa, da yadda nauyin sulke da lifidi ke rage saurin mutum da doki. Dorinar dogarai gajera ce mai tauri, ba ta naɗe wuyan abokin gaba kamar igiya. A shaɗin Fulani kuwa tsumagiya ake amfani da ita, kuma darasin yana jikin wanda ake duka: yadda yake ƙame tsokarsa, ya hana fuskarsa nuna zafi.

Sai dai jahi gaisuwa ce, shaɗi kuma gwajin jarumta, babu wanda ke kare kansa a cikinsu. Yadda ake tare sara da garkuwa, ko kai hari daga kan doki, sai an nema a bakin dattawan fada da maƙera, kuma masu wannan sani suna raguwa. Wayoyi da dama a yau suna ɗaukar hotuna 120 zuwa 240 a daƙiƙa, wanda ya isa a rarrabe sara ɗaya daki-daki kafin a zana shi.