Jigilar Komowa da Matsayinta a Gasar Masana'antu

Duk wanda ya taɓa sayen lemon kwalba ya san mai kanti ba ya yarda a tafi da kwalba sai an ajiye kuɗinta, ko an zo da wata a madadinta. Wannan 'yar al'ada ita ce mafi sauƙin misalin abin da za mu yi bayani a kansa, watau tafiyar da kaya su ke yi daga hannun mai saye zuwa wurin wanda ya ƙera su. Za mu kira ta jigilar komowa. Mun zaɓi komo, ba koma ba, domin wasalin -o na ƙarshen aikatau, wanda Parsons ya sa a rukuni na shida, yana nuna motsi ne zuwa wajen mai magana, kamar a kawo da sayo. Mai magana a nan kuwa masana'anta ce.

Kada mai karatu ya zaci komowa fita ce kawai aka juya. Sa'ad da kaya za su fita, kamfani ya san yawansu, ya san ranar tashinsu, kuma dukansu sababbi ne iri ɗaya. Amma masu komowa ba wanda ya san nawa za su zo, ko yaushe, ko a wane hali. Wata kwalba ta tsage a baki, wata an zuba kananzir a ciki. Tilas a tsaya a duba kowace, a ware, a wanke, duk kuwa kuɗi ne. To, ina ribar?

Amsa mafi bayyana tana wurin kamfanin Caterpillar na Amurka, wanda daga sunansa muka sami kalmar katafila. A cikin 1973 ya fara karɓar tsofaffin injuna yana sabunta su. Ga yadda abin ya ke. Mai katafila in injinsa ya gaji, sai ya sayi sabuntacce a wurin dila, a farashin da bai kai na sabo ba, amma a ɗora masa wani kuɗin ajiya a kai. In ya kawo tsohon, aka duba aka ga yana da sauran amfani, sai a mayar masa da ajiyarsa. A masana'anta a kan warware tsohon ɗai ɗai, a wanke, a auna, a zubar da abin da ya lalace, a gyara sauran har su kai ma'aunin sabo, sa'an nan a sayar da lamuni irin na sabo.

Riba ta farko a fili ta ke. Gangar jikin inji ta riga ta ci ƙarfe da wuta da aikin maƙera, saboda haka wanda ya same ta ya huta da biyan waɗannan karo na biyu. Amma a ganina ta biyu ta fi nauyi, ko da ya ke ba a cika ambatonta ba. Duk tsohon injin da bai komo ba, hannun wani zai faɗa, shi kuwa ya gyara ya sayar wa mutanen kamfanin da araha. Ashe kuɗin ajiya aiki biyu ya ke yi: yana sa kamfani ya iya kintatar abin da zai komo, yana kuma hana abokan gasa kayan aiki. Ban da wannan, injiniya da ya warware tsofaffin injuna da yawa ya ga inda su ke fara ci, ilimin nan kuwa yana shiga cikin ƙirar na gaba.

Wani lokaci doka ce ta ke tilasta komowa. A cikin 1991 Jamus ta kafa dokar da ta ɗora wa masu ƙira da masu sayarwa nauyin karɓar kwalaye da gwangwanaye da sauran mazuban kayansu. Kamfanoni suka haɗa kai suka riƙa biyan ƙungiya guda ta tattaro musu, da ya ke kuma an zo ana lissafin biyan bisa nauyi da irin mazubi, wanda ya rage kaurin kwalinsa sai ya rage abin da ya ke biya. An maye gurbin dokar da wata a cikin 2019.

Lalle ba kullum komowa ta ke biya ba. Mu koma ga kwalbarmu. Gilashi yana da nauyi, kuma motar da ta ɗauko kwalabe wofi tana shan mai, tana biyan direba, alhali ba abin sayarwa ta ɗauko ba. In kasuwa ta yi nisa da masana'anta, kuɗin hanya ya kan cinye abin da aka tsimi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa robar lemo ta yaɗu a ƙasar nan, gama ita ba ta da kuɗin ajiya, ba a kuma jiran ta komo. Duk da haka tana komowa, sai dai ta wata hanya: yara masu bola jari su tsince ta a kwata da juji, su sayar wa masu awo a kilo, su kuma su tura wa masu niƙawa. Tsimin da kamfanin lemo ya yi bai shafe aikin tattarawar ba, ya dai fita daga littafin lissafinsa ya koma wuyan waɗansu.