Dayorama: Fasahar Ƙera Duwatsu da Ƙoramu a Kan Allon Katako

Dayorama ƙaramin samfuri ne na wani yanki na ƙasa, wanda ake ƙerawa da hannu a kan allo ko cikin akwati, ta yadda mai kallo zai ga tuddai da kwari da ƙorama da gidaje kamar yana hango su daga kan dutse. Kalmar ta samo asali ne daga harshen Girka, inda take nufin gani ta cikin wani abu, kuma Louis Daguerre da abokin aikinsa Charles Bouton ne suka yayata ta a birnin Paris a shekarar 1822, lokacin da suka buɗe wani gidan kallo na manyan zane-zane da ake haskawa ta gaba da baya. Daga bisani ne sunan ya koma kan samfuran da ke da tsawo da faɗi da zurfi, irin waɗanda ake gani a gidajen tarihi da ɗakunan masu sha'awar wannan aiki.

Aikin kansa ya girmi sunan da aka laƙaba masa, kuma bukatar yaƙi na cikin abubuwan da suka raya shi. Tun daga shekarar 1668 Sarki Louis na 14 na Faransa ya sa aka riƙa ƙera samfuran garuruwan kan iyaka masu ganuwa, da katako da takarda da siliki da yashi, domin sarki da hafsoshinsa su nazarci inda abokan gaba za su iya ɓullowa ba tare da sun bar fada ba. Da dama daga cikinsu suna nan ajiye a Paris da Lille har yau. A ƙarni na 20 ne abin ya shiga gidajen jama'a a matsayin aikin sha'awa, ta hannun masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa da masu harhaɗa samfuran motocin yaƙi, waɗanda suka lura cewa jirgi ko tanka ba ya burgewa idan an ajiye shi a kan tebur babu ƙasa a ƙarƙashinsa.

Ginshiƙin aikin shi ne ma'auni, wato adadin da aka rage girman kowane abu da shi. Idan aka ce 1:87, wanda shi ne ma'aunin da ya fi yaɗuwa a tsakanin masu jiragen ƙasa, ana nufin santimita ɗaya a kan allo tana wakiltar santimita 87 a zahiri, saboda haka namiji baligi matsakaicin tsayi ba zai wuce kimanin santimita 2 ba. A ma'aunin 1:35 kuwa, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya shahara da shi, mutumin zai kai santimita 5. A nan ne sabon shiga ya fi yin tuntuɓe, domin yakan auna mutane da gidaje daidai amma ya manta da ƙasar da suke tsaye a kai. Ƙwayar yashi guda mai faɗin milimita ɗaya, idan aka zuba ta a samfurin 1:87, ta zama dutse mai kusan santimita 9, wanda ya cika hannun mutum, kuma hanyar da aka shimfiɗa da irin wannan yashi za ta yi kama da gangaren da ruwa ya tara wa duwatsu. Shi ya sa gwanaye ke busar da ƙasa, su daka ta, su tankaɗe ta da rariya mai ƙananan idanu har ta koma kamar gari, sannan su barbaɗa ta a kan gam.

Ana fara ginin ne da allon katako mai ƙwari wanda ba zai lanƙwashe ba idan ya sha danshi, sannan a jera masa ɓangarorin soso mai tauri, irin wanda ake naɗe kayan lantarki da shi, a manne su da farin gam na kafintoci, a sassaƙa su da wuƙa har siffar tudu da kwazazzabo ta fito. Bayan haka sai a lulluɓe shi da kwaɓin filasta ko tsumman da aka tsoma a cikinta. Wajibi ne a san cewa yawancin fentin feshi na narkar da wannan soso, kuma hayaƙin da ke tashi idan aka yanka shi da waya mai zafi yana cutarwa, don haka a wuri mai iska ake yin wannan sashe na aikin.

Wajen launi ne ake gane wanda ya saba da kallon ƙasa. Dutse ba ya zama launin toka ɗaya daga sama har ƙasa, saboda haka akan fara shafa masa fenti mai duhu da aka tsinka da ruwa sosai domin ya gangara cikin tsaguwa ya zauna, daga nan a ɗauki buroshin da aka goge kusan dukkan fentinsa a jikin tsumma, a share saman dutsen da shi a hankali, sai launi mai haske ya kama gefuna kaɗai. Ciyawa kuma da gutsattsarin zare masu tsawon 'yan milimitoci ake yin ta, ana zubo su ta wata na'ura mai cajin lantarki da ke sa su tsaya cak a kan gam maimakon su kwanta. Itatuwa da murɗaɗɗiyar waya ake yin su, ruwan ƙorama kuwa da wani ƙaro na masana'anta mai suna ifoksi, wanda ake zubawa kaɗan-kaɗan, domin idan aka kwarara shi da kauri lokaci guda yana ɗaukar zafi har ya tsage ko ya lalata sosan da ke ƙarƙashinsa.

Wurare biyu sun nuna iyakar inda wannan sha'awa za ta iya kaiwa. A birnin Hambug na Jamus akwai Miniatur Wunderland, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, inda jiragen ƙasa ke zirga-zirga a tsakanin samfuran ƙasashe daban-daban, har da filin jirgin sama. Sai dai gidan tarihi na Pendon da ke ƙauyen Long Wittenham a Ingila ya fi cancantar nazari, duk da ƙanƙantarsa. Roye England, mutumin Ostareliya da ya kafa shi a 1954, ya ga tsofaffin gidaje masu jinka na yankin Vale of White Horse suna rushewa ko ana sauya musu kama, sai ya duƙufa wajen auna su da ɗaukar hotunansu, shi da waɗanda suka biyo bayansa suka riƙa sake gina su da kwali a ma'aunin 1:76, yadda suke a shekarun 1930. Wasu daga cikin gidajen a yau babu inda za a ga ainihin kamanninsu sai a wannan samfuri.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, inda yara suka daɗe suna ƙera motar kara da shanun laka, alhali soraye masu zanko da zaurukan ƙasa da sassan ganuwar Kano ke ci gaba da zubewa kowace damina. Ƙasar da za a tankaɗe da karan da za a fere suna nan a kowace unguwa. Ya kamata malaman labarin ƙasa da na zane-zane a makarantu su ɗauki ɗalibansu da magwaji da takarda, su auna wani tsohon zaure guda a unguwarsu, su ƙera shi a kan allo tun yana tsaye.