Wasiƙar da Mutum Ke Aika wa Kansa

Tun a ƙarshen shekarar 2022, sa'ad da WhatsApp ya buɗe ƙofar da mutum zai aika wa lambarsa saƙo, wata al'ada ta shigo mana wadda amfaninta ba ya ɓuya ga mai hankali. Falken Yauri da ya kai rake kasuwar Matameye, ko ya ƙetara Ɗan Barto zuwa Daura da Kano, yakan rubuta wa kansa farashin kaya da canjin naira da sefa. Wanda kuwa bai yi boko ba sai ya danna ya yi magana, muryarsa ta zauna masa tare da rana da sa'a. Wannan ni'ima ce, ba mu musa ba.

Amma fa wajibi ne jama'a su san inda waɗannan saƙonni suke kwana. A cikin wayar suke, kamfanin ba ya ajiye wa kowa su bayan sun isa. Saboda haka in wayar ta faɗa rijiya, ko ɓarawo ya zare ta ran kasuwa, to, lissafin shekara ya tafi ke nan, sai fa wanda ya riga ya buɗe adireshin Google ya umarci wayar ta riƙa kai kwafi can, kuma bai manta kalmar sirrinsa ba, abin da ba kasafai ake samu ba ga wanda yaron shago ne ya shirya masa wayar. Haka kuma wanda ya tafi ci-rani ya bar wayar a kashe, ya sani ƙa'idar WhatsApp ita ce share asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba, layin da aka daɗe ba a aiki da shi kuwa, kamfanin waya yana iya sayar wa wani.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne sirri. Akwai masu ajiye lambar karɓar kuɗin da ɗan'uwa ya turo ta kamfanin Nita ko Amana a cikin waɗannan saƙonni, har da hoton katin shaida, alhali kuwa wayar nan kullum tana kwana wurin mai caji, tana hannun yara, ba kulle ba makulli. Duk wanda ya buɗe ta ya buɗe adakar maigida. Lambar sirri dai a haddace ta, wayar kuma a sa mata kulle, kada a faɗa wa kowa lambobi shida ɗin nan na buɗe WhatsApp da ke zuwa ta saƙo, ko da ya rantse shi ma'aikacin kamfani ne.

Sai mas'alar bashi, wadda ita ce ta fi damuna. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni da a rubuta bashi, a kuma kafa shaidu, wanda ake bi shi ne zai yi shifta. Saƙon da mai bin bashi ya aika wa kansa ba shi da ko ɗaya daga sharuɗɗan nan biyu na ƙarshe, domin shi ya rubuta, shi ya karanta, yana kuma iya share shi duk sa'ad da ya ga dama. In husuma ta kai gaban mai gari ko alƙali, abokin shari'a yana da damar cewa bai san da zancen ba. In dai an ba da hatsi ko kuɗi zuwa kaka, sai a sa a takarda gaban mutum biyu adilai, kowa ya sa hannu, sa'an nan a ɗauki hoton takardar a aika wa kai, a aika wa wanda ake bi.