Kantar Maƙogwaro, Mai Dusar da Murya

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Shuwarin ya san yadda take. Da hantsi 'yan kamasho suna kiran fasinja, mai zuwa Dutse, mai zuwa Kano, mai zuwa Kiyawa, muryarsu tar kamar ƙararrawa. Amma ka koma wajensu da la'asar. Za ka tarar wani yana buɗe baki, jijiyar wuya ta tashi, abin da ke fita kuwa iska ta fi magana yawa. In ya kwana muryar ta dawo, to, gajiya ce. In kuwa wata ya wuce tana nan a dushe, akwai dalili.

Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka, ka ce "aaa". Ka ji wurin yana rawa? Nan ne gidan murya. A ciki akwai waɗansu 'yan tantani guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, suna kwance a bakin hanyar iska. Malaman Hausa suna kiransu tantanin maƙwallato. Na namiji babba tsawonsa wajen santimita 2 ne, na mace bai kai haka ba. Sa'ad da kake numfashi suna buɗe. Sa'ad da za ka yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta bi tsakaninsu, su yi ta karkarwa kamar ɗan karan nan da ke bakin algaita. Baki da harshe su ne ke mai da wannan amo ya zama kalma.

Karkarwar nan ba kaɗan ba ce. A cikin daƙiƙa ɗaya tantanin namiji yakan bugi ɗan'uwansa sau 100 ko fiye, na mace sau 200 ko fiye. To, ku lissafa malamar firamare da ke fama da aji cike da yara tun safe har azahar.

Kowane manomi ya san kanta. Ƙotar fartanya tana gugar tafin hannu, wurin ya yi ja, ya kumbura, daga baya fatar ta yi tauri. Haka ke faruwa a maƙogwaro. In mutum yana tsananta murya kullum, wurin da tantanin biyu suka fi bugun juna, watau wajen tsakiyarsu, sai ya kumbura. Da fari kumburin yana da taushi. In ba a sassauta ba ya zama ɗan ƙullutu mai tauri, sau da yawa bai fi ƙwayar gero ba. Galibi biyu ne, ɗaya a kowane gefe, suna duban juna.

Ƙwayar gero ba ta da girma, amma ku tuna tsakuwa a bakin ƙyaure. Ƙyauren ba zai rufu sosai ba. Ƙullutun biyu su ne ke fara haɗuwa, sai a bar kafa gaba da baya, iska tana zurarewa a banza. Shi ya sa muryar take fita da huci, numfashi kuma yana ƙarewa tun ba a kai ƙarshen magana ba. Har ila yau tantanin ya yi nauyi, ba ya iya karkarwa da sauri. Ladan yakan fara lura da abin wajen ɗaga murya sama: ya ja, ta tsinke masa a tsakiya. Abin da ya fi muni, mai ciwon yakan ƙara matsa wuya don a ji shi, matsawar kuwa ita ce ke ƙara wa kantar tauri.

Masu ci da murya su ne abin ya fi kamawa: malaman makaranta, da ladanai, da masu wa'azi, da maroƙa, da zabiyoyi, da 'yan talla. A cikin manya ya fi kama mata. A cikin yara kuwa ya fi kama maza masu yawan ihu. Hunturu yana daɗa taimakon ciwon, gama ƙura da busasshiyar iska suna busar da tantanin. Haka kuma hayaƙin taba da na murhu, da ruwan ciki mai tsami da ke tasowa wuya da dare.

Wannan kanta ba ciwon daji ba ce, ba ta kuwa yaɗuwa daga wani zuwa wani. Maganinta na fari shi ne sassauta wa murya. A rage ihu. In akwai lasifika a masallaci ko wurin taro, a bar ta ta yi aikinta. A sha ruwa da yawa, mai tafsiri da azumi kuma ya rama tsakanin buɗa-baki da sahur. A bar yawan gyaran murya da kaki. Raɗa ma ba hutu ba ce, tana wahal da tantanin. Gara a yi magana a hankali ko a yi shiru. Zuma da citta suna sanyaya wuya, ba laifi, amma hanyar abinci dabam, hanyar iska dabam, ba su bi ta kan ƙullutun ba. Sabon ƙullutu mai taushi yakan baje da kansa in an kiyaye. Tsoho mai tauri ne wani lokaci likita yake cirewa.

Ga abin da muke so ku kula da shi ƙwarai. In murya ta dushe, waɗansu sukan tafi wurin wanzami a yanke musu belu. Belu yana can sama, kowa yana iya hango shi in an buɗe baki. Tantanin murya kuwa yana ƙasa, inda aska ba ta kaiwa. An yanke abin da bai yi laifi ba, an zubar da jini, ciwo yana nan.

Ido ba ya ganin wurin sai da kayan aiki. A 1854 wani malamin waƙa mutumin Sifen, Manuel Garcia, ya sa ɗan madubi a cikin bakinsa ya hango nasa tantanin yana motsi. Yanzu likitoci suna dubawa da siririyar kyamara, a 'yan mintoci an gama. In murya ta yi mako 3 a dushe, je asibiti mafi kusa, su tura ka wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. A Dutse akwai babban asibitin Rasheed Shekoni, a Kano akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Mai shan taba, da mai tarin jini, da wanda haɗiya ko numfashi ke yi masa wuya, kada su jira mako 3 ɗin, domin tarin fuka da ciwon daji su ma suna dusar da murya.