Faranti, Eriya ko Waya: Abin da Ya Kamata Mai Gida Ya Auna Kafin Ya Biya

Mas'alar da ke damun masu gida da yawa a zamanin nan, ko da yake ba kowa ke faɗinta a bainar jama'a ba, ita ce ta wace hanya za a shigo da hotunan talabijin cikin gida, domin kuwa akwatin da aka sayo da kuɗi masu nauyi aka kafa a bangon falo ba shi da wata fa'ida in ba a haɗa shi da abin da zai ciyar da shi ba, kuma masu sayar da wannan abinci sun yi yawa, kowannensu yana rantsuwa cewa nasa ya fi. Mutum ya shiga kasuwar kayan lantarki da niyyar sayen dikoda ɗaya, sai ya fito da sunaye huɗu a kansa, wannan ya ce DStv, wancan ya ce StarTimes, na uku ya ce ai GOtv ta wadatar, na huɗu kuma ya rage murya ya ce a sayi risiba ta kyauta a huta da biyan wata.

A da can babu wannan ruɗani, saboda babu zaɓi. An buɗe tashar talabijin ta farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, sa'an nan a 1977 gwamnatin soja ta tattara tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA. Daga baya jihohi suka kafa nasu, kamar CTV ta Kano da aka buɗe a zamanin gwamna Abubakar Rimi, wadda a yau take ɗauke da sunansa. Tashar takan buɗe da la'asar, ta rufe da taken ƙasa in dare ya yi, abin da ta ba ka shi ne rabonka. Sai a 1992, lokacin da aka kafa hukumar NBC aka kuma halatta wa 'yan kasuwa mallakar gidajen watsa shirye-shirye, ƙofa ta buɗe, manyan faranta masu kama da rumfa suka yawaita a gidajen attajirai, kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu, mai DStv, kuma ya shigo ƙasar a 1993.

Abu na farko da ya wajaba mai karatu ya sani shi ne, talabijin ta kebul a asalinta, wato wadda kamfani ke jawo waya tun daga cibiyarsa, ta bi kan fal-fal ko ƙarƙashin ƙasa har ta shiga ɗakin mutum, al'amari ne da ya kafu a Amurka tun ƙarshen shekarun 1940, a garuruwan da duwatsu suka tare musu sigina, kuma bai taɓa yin ƙarfi a ƙasarmu ba. Dalilin a fili yake: shimfiɗa waya gida-gida yana bukatar unguwanni masu tsari, da wutar da ba ta yankewa don na'urorin da ke ƙara wa sigina ƙarfi a kan hanya, da kuma amincin cewa ba za a wayi gari an yanke wayar an kai ta kasuwar 'yan gwangwan ba. Kamfanonin da suka yi suna da kebul a nan, irin su ABG na Kaduna, ta iska suke aiko da shirye-shiryensu daga doguwar hasumiya zuwa wata 'yar eriya mai raga a kan rufin gida. A waɗansu biranen Kamaru, irin su Duwala da Yawunde, ana samun mutumin da zai tara dikodoji a ɗaki guda ya rarraba waya ga maƙwabta yana karɓar ɗan abin da ya sawwaƙa a wata, sai dai wannan ciniki sau da yawa ba da izinin masu haƙƙin shirye-shiryen ake yinsa ba, kuma ranar da hukuma ta waiwayo shi, kuɗin wanda ya biya sun bi ruwa. Saboda haka zaɓin da ke gaban Bahaushe a hakika tsakanin abu uku yake: farantin da ake biya wa kuɗin wata, da eriyar da ake biya wa kuɗin wata, da farantin da ba a biyan kome bayan an kafa shi.

Shi tauraron ɗan'adam da faranti ke kallo yana can sama da tsakiyar duniya, nisan kimanin kilomita 36,000, inda gudunsa ya yi daidai da juyawar ƙasa, har ya zama ga mai kallo daga ƙasa kamar a tsaye yake wuri ɗaya dare da rana. Wannan hikima ce ta sa ake ɗaure faranti sau ɗaya a bar shi shekaru. Farantin kansa ba ya yin kome face tattara raunanan igiyoyin da suka sauko ya tura su ga 'yar na'urar da ke bakinsa, wadda masu sana'ar ke kira LNB, ita kuma ta miƙa su ta waya zuwa dikoda. Wanda ya taɓa tsayawa ya ga ana saiti ya san irin natsuwar da aikin ke bukata: mai gyara yana kan katanga da sifana a hannu, yana tura farantin da tafin hannunsa kaɗan-kaɗan, yaronsa yana tsugune gaban akwatin a tsakar gida ya ƙura wa layin sigina ido, yana kira, "Oga, ya kawo! A'a, ya ɗauke, koma baya kaɗan!" har sai layin ya cika ya tsaya, sa'an nan a ɗaure kusoshi a hankali, domin karkatar da ba ta kai faɗin yatsa ba tana iya batar da tauraron gaba ɗaya. Falalar wannan hanya ita ce ba ruwanta da birni ko ƙauye. Mutumin Gashuwa da na rugar da ke bayan Dakwaro daidai suke da na Abuja, muddin sama a buɗe take a inda farantin ya fuskanta, babu bishiya ko bene a gabansa.

Illarsa kuwa ruwan sama. Ƙananan farantan nan suna aiki da igiyoyi gajeru waɗanda ɗigon ruwa ke shanyewa, shi ya sa da hadari ya haɗu a watan Agusta sai hoto ya fara kakkaryewa gida-gida, murya ta sarƙe, daga nan allo ya yi shuɗi ya bar mutum da saƙon ban haƙuri, ko da kuwa ana tsakiyar bugun fanareti ne. Manyan farantan dā ba su cika jin ruwa haka ba, amma wa ke da filin ajiye su a gidan haya? Mu a Arewa, da yake damina gajeriya ce, wannan illa ba ta kai yadda take a Fatakwal ko Kalaba ba. Abin da ya fi cutar da mu shi ne iskar farkon damina, wadda ke karkatar da farantin da aka ɗaure da ganganci.

Eriyar StarTimes, wadda ta fara aiki a 2010 da haɗin gwiwar wani kamfanin Sin da NTA, da ta GOtv da MultiChoice ta fito da ita a 2011 don masu ƙaramin ƙarfi, ba su da hulɗa da sama kai tsaye, daga hasumiyar da ke cikin gari suke karɓa. Kayansu sun fi araha, ba sai an kira gwani ba wajen kafawa, ruwan sama kuma bai cika damunsu ba, sai dai duk wanda ya yi nisa da hasumiyar, ko gidansa ya faɗa cikin kwari, zai yi ta ƙara wa sanda tsawo ba tare da biyan bukata ba. Hujja mafi ƙarfi a nan ba takardar talla ba ce, maƙwabci ne: a shiga gidansa a ga yadda tasa ke kamawa.

Sai hanya ta uku, wadda masu talla ba sa ambatonta saboda babu mai cin ribarta wata-wata, alhali kuwa ita ce ta cika gidajen Arewa. Mutum ya sayi faranti da risiba, galibi ƙirar Strong, a saita masa tauraron da ke watsa tashoshi a buɗe, shi ke nan ya gama biya. Ta nan ne tashoshin Larabawa da ke kan Nilesat da Arabsat suka shigo mana, har tsohuwar da ba ta taɓa zuwa hajji ba take zaune a ɗakinta tana ganin ɗawafi kai tsaye daga Harami, a watan azumi kuma a bi tarawihin Makka raka'a-raka'a. Ta nan ne kuma ake samun tashoshin wa'azi da tafsiri da harshen Hausa, irin su Sunnah TV da Manara TV, da kuma Arewa24, wadda tun da ta fara a 2014 ta tara iyalai gaban akwati da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Aibinta shi ne rashin alƙawari, domin tashar da ke nan yau tana iya sauya mazauni gobe ba sanarwa, sai an sake kiran mai saiti. Kuma akwai tashoshin da ke shigowa cikin tarin waɗanda bai dace yara su gani ba, wajibi ne mai gida ya zauna ranar farko ya goge su, ko ya kulle su da lambar sirri.

To, in har ana samun labarai da wa'azi da wasan kwaikwayo kyauta, me mutane ke saye da kuɗin wata? Alal haƙiƙa amsar guda ce, ƙwallon ƙafa ta Turai, sauran tashoshi ɗari da ake lissafa wa mai saye rakiya ce kawai suka yi mata. Wanda ke shakkar haka ya tuna da HiTV, kamfanin 'yan ƙasa da ya fito a 2007 ya karɓe izinin nuna gasar Firimiya ta Ingila, jama'a suka yi tururuwa zuwa gare shi, da izinin ya kuɓuce masa kuwa bai daɗe ba ya durƙushe a 2011. Wannan izini da kuɗin waje ake sayensa, masu kallo kuwa da naira suke biya, don haka duk lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi tun daga 2023, sai kuɗin wata ya tashi, a yi ta ƙorafi, a je kotu, a dawo a biya. Kamfanonin kuma sun san inda suka ajiye tarkonsu: manyan wasanni suna cikin tsari mafi tsada, dikodar da aka sayar maka da rahusa kuma ba ta karɓar katin kowa sai nasu.

A nan ne nake ganin yawancin masu gida ke yin kuskuren lissafi, domin suna ƙirga tashoshi, alhali sa'o'in wuta ya kamata su ƙirga. Malaman fiƙihu, a babin ijara, sun yi dogon bayani a kan cewa abin da ake biya a haya shi ne amfani, ba zatin abin ba. Amma kuɗin watan talabijin kwana talatin yake tafiya ko an kalla ko ba a kalla ba, ko an kawo wuta ko unguwa ta yi mako cikin duhu saboda taransifoma ta ƙone. Mutumin da wutarsa ba ta wuce 'yan sa'o'i a yini, kuma sau da yawa tsakar dare ake kawo ta, in ya biya tsari mai tsada, ko dai ya yi asarar mafi yawan abin da ya saya, ko ya ƙara da kuɗin man janareta, wanda tun da aka cire tallafin fetur a 2023 yana iya zarce kuɗin kallon kansa. 'Yan majalisa sun sha neman a koma biyan gwargwadon abin da aka kalla, kamfanoni suna amsawa da cewa su ma ba da awa suke sayen shirye-shiryen ba. Abin da ya fi kusa da wannan bukata shi ne biyan kwana ɗaya ko mako ɗaya da StarTimes ke karɓa. Wanda ya sa sola da batir a gidansa hukuncinsa dabam ne, domin akwatin zamani da dikoda ba su da cin wuta sosai.

Saboda wannan ne gidan kallo bai mutu ba, kuma ba na jin zai mutu nan kusa. Rumfar kwano ce da bencina a jere, akwati biyu ko uku a gaba kowanne da wasansa, janareta na ruri a baya, a bakin ƙofa kuma allo an rubuta wasannin yau da alli da lokacin kowanne. Saurayi ya biya kuɗin wasa ɗaya, ya sami wuta da sigina da abokan musu a farashi guda. In mai son ƙwallo a gida mutum ɗaya ne, kuma wasan ƙungiyarsa kaɗai ke gabansa, israfi ne a ɗora wa gida duka kuɗin da za a biya dominsa, alhali uwargida da yara abin da suke jira yana kan risibar kyauta. In kuwa gida ne mai samari da yawa, kuma uba ya fi son ya gan su a gabansa da dare maimakon su kai sha ɗaya a waje, to wannan maslaha ce da ta cancanci a saye ta da kuɗi, ko da lissafin aljihu bai goyi bayanta ba. Gidaje da yawa sun raba gardama ta hanyar haɗa biyun, risibar kyauta tana aiki kullum, dikodar biya kuma a cika ta lokacin da ake kakar wasa, a bar ta ta huta in an tafi hutu.

Wayar hannu ma ta shigo cikin rabon, tun da yanzu akwai fina-finan Hausa masu dogon zango, irin su Izzar So, da a YouTube jama'a suka san su, sai dai kuɗin data ga iyali guda masu kallo kowane dare ba ƙaramin abu ba ne, kuma sabis a ƙauye sai a hankali. Shirin gwamnati na komawa tsarin dijital, wanda aka ƙaddamar a Jos cikin 2016 da alƙawarin tashoshi masu yawa a kan ɗan kuɗi kaɗan a shekara, ya yi ta tafiyar hawainiya. A can Jamhuriyar Nijar kuwa, inda Faransanci ne harshen boko, Canal+ ce ke riƙe da kasuwar biya, kuma a 2025 wannan kamfani na Faransa ya karɓi ragamar MultiChoice, ta yadda a yanzu mai DStv a Katsina da mai Canal+ a Maraɗi aljihu ɗaya kuɗinsu ke shiga.