Ƙwaron da Ake Zaton Tsuntsu Ne

A Ingila, tsakanin watan Yuni da Satumba, akan sami masu lambu suna rantsuwa sun ga wani ɗan mitsitsin tsuntsu ya tsaya cik a iska gaban furanninsu, yana shan zaƙinsu. Akwai tsuntsu mai wannan hali, amma a nahiyar Amurka kaɗai yake zaune. Abin da suke gani ƙwaro ne, dangin malam-buɗe-littafi, irin waɗanda galibinsu sai da dare suke fita. Shi wannan kuwa da rana tsaka yake kiwo, ko ana yayyafi. Masanin nan na Suwidin, Linnaeus, shi ya fara bayyana shi a 1758. Sunansa wurin masana Macroglossum stellatarum.

Ba laifin masu lambun ba ne. In ya buɗe fikafikansa ba su cika inci 2 ba, amma yakan kaɗa su fiye da sau 70 cikin daƙiƙa guda, har a ji ƙugi. Yana da dogon baki kamar zare, wajen inci 1, wanda yakan naɗe in ya ƙoshi. Gashin da ke ƙarshen jikinsa kuma sai ka ce wutsiyar tsuntsu. Abin mamaki, yana da riƙo: in ya sami furanni masu zaƙi yau, gobe war haka sai ga shi ya komo.

To, ina gidansa? Ana samunsa tun daga Fotugal har Japan, amma mazauninsa na ainihi ƙasashe ne masu ɗumi, watau kudancin Turai da arewacin Afirka da abin da ya yi gabas. Daga nan yakan yi ƙaura, ya ƙetare duwatsu da teku ya kai Ingila, wata shekara da yawa, wata shekara ɗai-ɗai. Can macen takan yi ƙwai kore bisa wata ciyawa da masana ke kira Galium, wadda tsutsarsa ke ci. Sai dai sanyin arewa ya fi ƙarfinsa. Kaɗan ne ke kai labari in hunturu ya same su.

Yana da 'yan'uwa. Akwai Macroglossum trochilus a kudanci da gabashin Afirka. Akwai kuma Cephonodes hylas a Afirka da Asiya, mai fikafikai garai-garai kamar gilashi, wanda manoman kofi ba su murna da ganinsa, gama tsutsarsa tana cin ganyen itacen.